JANAR GURO: BINDIGA A DAMAGARAM, ALƘALAMI A SHAM

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

'Yan uwa, akwai maganar da ta zama ruwan dare a majalisun wasu 'yan boko daga Kakuri har Barnawa, cewa wai mulkin mallaka ya wuce, yanzu zamanin diflomasiyya ne da zuba jari, mai tuna baya ɓata lokacinsa yake yi. Masu wannan magana ko dai ba su karanta tarihi ba, ko kuma sun karanta wanda aka rubuta musu. A wajen 'yan mulkin mallaka, soja da jakada Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, wani lokaci ma mutum guda ne yake sauya riga. Mai neman hujja ya dubi rayuwar Janar Henri Gouraud na Faransa, wanda ake furta sunansa Guro.

An haifi Guro a 1867, ya yi makarantar hafsoshi, aka turo shi Afirka ta Yamma a 1894. A watan Satumba 1898, yana kyaftin, ya afka wa sansanin Almami Samori Ture, wanda ya shafe shekaru fiye da goma sha biyar yana hana Faransa sakat, ya kama shi. Aka kai Samori Gabon, can ya rasu a 1900. Daga nan aka aiko Guro ƙasarmu ta Hausa, a farkon shekarun 1900, ya yi aiki a yankin soja na Damagaram. Ya tarar an share masa fage da jini, domin a 1899 ne ayarin Kyaftin Bule da Shanuwan ya ƙone garuruwa, ya yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni, kuma a shekarar ne aka ci Damagaram aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Aikin Guro da abokansa shi ne su tabbatar da hanyar da ta haɗa kogin Kwara da Damagaram har Tafkin Cadi.

To a nan ne alƙalami ya shigo. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a 1898 ta bar wa Faransa hanyar da ba ta da wadatattun rijiyoyi. Sai suka zauna a Landan a 1904, Faransa ta haƙura da wani haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar wani tsibiri da yanzu yake ƙasar Kanada, ita kuma Ingila ta biya ta da wasu yankuna, ciki har da matso da iyaka kudu a ƙasar Hausa. Ku ji fa! Ƙasar kakanninmu aka yi furfure da ita da kifi. Wa ya tambayi Bagobiri? Wa ya tambayi Bakatsine? Shi ya sa yau mutumin Jibiya sai ya tsaya gaban jami'in kan iyaka kafin ya je gaisuwar mutuwa Maraɗi.

Guro ya wuce Cadi, ya yaƙi mutanen Adrar a Muritaniya a 1909, ya yi aiki a Maroko, ya rasa hannunsa na dama a yaƙi da Daular Usmaniyya a 1915. A ƙarshen 1919 sai ga shi a Beirut da sabuwar riga: Babban Wakilin Faransa a Sham da Labanan, kuma kwamandan rundunarta a can. Jakada da soja a jiki ɗaya.

A lokacin, Faisal ɗan Sharif Husaini ne yake mulki a Dimashƙa. Shi da mahaifinsa sun taya Ingila yaƙar Turkawa bisa alƙawarin za a ba Larabawa 'yancin kai, alhali tun 1916 Ingila da Faransa sun riga sun raba ƙasar a asirce. Ran 14 ga Yuli 1920 Guro ya aika masa da takardar wa'adi: ya amince da ikon Faransa, ya daina ɗaukar soja, ya karɓi kuɗin da Faransa ta buga, ya miƙa layin dogo. Faisal ya amince, har ya fara sallamar sojojinsa. Me ya biyo baya? Faransa ta ce amsar ta makara, runduna ta ci gaba da tafiya. Ran 24 ga Yuli aka haɗu a Maisalun, ministan yaƙi Yusuf al-Azma ya fita da ragowar soja da 'yan sa-kai, aka kashe shi a fagen fama, kashegari aka shiga Dimashƙa. Wanda ya taya kura farauta, shi ne abincinta na gobe. Abin takaici kuma, cikin rundunar da ta yi wannan aiki har da baƙar fata 'yan Afirka ta Yamma da 'yan Arewacin Afirka, waɗanda aka ci ƙasarsu jiya, yau aka ba su bindiga su ci ta wani.

Da bindiga ta gama nata, sai Guro ya ɗauki almakashi. Ran 1 ga Satumba 1920 ya shelanta ƙasar Labanan, sannan ya yanka saura: Dimashƙa daban, Halab daban, yankin Alawiyyawa daban, na Duruzawa daban. Kowane jinsi aka ce masa maƙwabcinsa ne abin tsoro, Faransa ce mai tsaronsa. Labanan ta yi yaƙin basasa daga 1975 zuwa 1990. Shi kuwa Guro ya koma gida aka naɗa shi gwamnan soja na Paris, ya mutu a 1946, kuma har yau akwai titi mai sunansa a Beirut.

Mu mutanen Kaduna ba ma buƙatar a fassara mana wannan darasi. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogi ya zama iyaka a tsakiyar gari, kowa ya kwashe iyalinsa ya koma inda nasa suka fi yawa. Babu wani Guro da ya zo da almakashi, mu muka riƙe shi da hannunmu. Da masaƙun Kakuri suka rufe, an tambayi ma'aikaci addininsa kafin a sallame shi? Yunwar ɗaya ce a Makera da Tudun Wada, amma masu cin moriyar rabuwar suna zaune a teburi ɗaya.

Za a ce ai Faransa ta tafi. Gaskiya ne, sojojinta sun bar Mali a 2022, Burkina Faso da Nijar a 2023, Cadi a 2025. Amma mu tuna cewa a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin Yamai, saura ƙiris a tura 'ya'yan talakawan Nijeriya su yaƙi 'yan uwansu na Nijar. An rufe iyaka, an yanke wuta, talakan Illela da na Ƙonni suka ɗanɗana kuɗarsu tare. Ba wannan ne aikin baƙaƙen sojojin Maisalun ba? Haka kuma wanda yake tafi da rawa don Rasha ta shigo inda Faransa ta fita, ya tuna Faisal ma ya ɗauka ya yi sabon aboki.

Saboda haka, 'yan uwa matasa, abu uku muke kira a kai. Mu karanta tarihinmu da sunaye da shekaru, don kada a yi mana rufa-rufa. Duk yarjejeniyar da shugabanni suka sa wa hannu da wata ƙasar waje, ta tsaro ce ko ta ma'adinai, mu nemi a buga ta a fili kowa ya gani, domin abin da aka ɓoye a 1904 har yau muna biyan kuɗinsa. Sannan kada ɗayanmu ya yarda ya zama bindigar haya, ko a tsallaken iyaka ko a tsallaken gada.

Allah Ya ganar da mu, Ya tsare mu daga zama makamin azzalumai. Wassalam.