Na'urar Dije Da Ɗalibanmu Za Su Iya Haɗawa

Daga Dutsin-Ma har Kurfi, da wuya a yi kamu ko dina yau babu dije. Na'urar da yake murzawa kuwa, mai maɓallai da faifai biyu, daga ƙasar waje ake shigo da ita, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinta ya fi ƙarfin matashi mai neman na kansa. Ni a ganina, ɗalibanmu za su iya haɗa irinta a gida.

Sirrin shi ne, na'urar ba ta fitar da sauti. Kiɗan yana cikin kwamfuta, ita saƙo kawai take aikawa: an danna wannan, an murza wancan. Harshen saƙon shi ne MIDI, wanda aka fito da shi a 1983 bisa jagorancin Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi, mai kamfanin Roland na Japan, domin kayan kiɗan kamfanoni daban-daban su fahimci juna. Kowane motsi lamba ce tsakanin 0 da 127. Wanda ya taɓa kallon makaɗan Mamman Shata suna matse igiyar kalangu don sauya amo ya san hikimar: hannu ke ba da umarni, ganga ke magana.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar ƙaramin allon Arduino, irin su Leonardo ko Pro Micro, waɗanda kwamfuta ke iya karɓa a matsayin na'urar MIDI ta USB. Sai maɓallai, da abin ƙara murya irin na tsohuwar rediyo, da waya, da dalma, da akwatin katako. Allon yana karanta murzawa daga 0 zuwa 1023, a raba da 8, sai a samu ma'aunin MIDI. Inda ɗalibi zai yi gumi shi ne lambar takan yi rawa ko ba a taɓa komai ba, dole ya tsara umarnin da zai hana aika saƙo sai canjin ya tabbata. Manhajar Mixxx kyauta ce, tana kuma bari mutum ya ɗora kowane maɓalli kan aikin da yake so.

Na san wani zai ce jami'a ba gidan biki ba ce. Amsata ita ce, yaron da ya iya karanta murzawar maɓalli ya iya karanta laimar ƙasa a gonar rani a bakin madatsar Zobe, domin dabarar ɗaya ce. Ba na cewa abin da zai haɗa zai kamo na Pioneer a ƙarko ko kyau, amma idan ya lalace shi zai gyara, ba sai an aika Kano ko Legas ba.

Saboda haka ina kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, su karɓi irin wannan a matsayin aikin kammala karatu. A haɗa ɗalibi da mai gyaran waya na kasuwa, wanda hannunsa ya faɗa da dalma, da kafintan da zai yi akwati, sannan a miƙa na'urar ga dije ya gwada ta a filin biki. Idan ta jure ƙura da zafin bazara, ɗalibin ya cancanci makinsa.