Ƙamshin Garba da Aikin Ciki

Duk wanda ya ratsa Adjamé da hantsi ya ji ƙamshin kifin garba yana soyuwa, ya san yadda yawu ke tsinkewa. To, ba baki kaɗai ke samun labari ba.

Bayan tumbi akwai wata doguwar tsoka, fankiriyas, mai zuba ruwan narka abinci cikin hanji, fiye da lita 1 a kullum. Ita ce kuma ke yin insulin, wanda ƙarancinsa ke kawo ciwon sukari. Da ƙamshi ya isa ƙwaƙwalwa, sai ta aika saƙo ta jijiyar bagus, wadda ke saukowa ta wuya har ciki. Kafin lomar farko, fankiriyas ta fara aiki, sauran kuma sai abinci ya isa hanji. Pavlov, mutumin Rasha da ya ci kyautar Nobel a 1904, ya gwada wannan da karnuka.

Amma tsoro da ɓacin rai suna da nasu jijiyoyin, su kuwa rage ruwan nan suke yi. Shi ya sa nake roƙon iyayen ɗalibaina na Treichville, don Allah a bar faɗan jarrabawa har yaro ya gama cin tuwonsa. Takardar sakamako ba gudu za ta yi ba.