Leburori Kuke Kiransu?

Kowace bazara, da zarar ɗaliban aikin lambu sun fito da almakashi da zarto da manjagara, sai wasu 'yan'uwanmu masu jiran kujerar ofis su riƙa kiransu leburori. Wannan jahilci ne, ko da mai yinsa ya iya Turanci.

Datse bishiya ilimi ne. Reshen da ya kamu da cuta, in aka bar shi, sai ya harbi sauran. In aka rage cunkoson rassa, iska da hasken rana suka ratsa, lemo da gwaiba sun fi yin 'ya'ya nagari. Tohon da ya fito ƙasa da mahaɗin aure kuwa, muddin ba a cire shi ba, zai shanye ƙarfin mangwaro ɗan aure. Ganyen da aka share taki ne, ƙona shi asara.

Tun 1975 aka kafa cibiyar binciken lambu ta ƙasa a Ibadan, amma har yau muna ƙyamar ƙasa a hannu. Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta ware rana guda kafin damina, kowa ya fito aiki. Wanda ya ƙi, ya daina jifar mangwaronsu.