Lemon da aka kashe yana tsaka da ciniki

Duk wanda ya fara kewar wani lemon kwalba da aka daina yi, amsar da yakan samu ita ce ƙuruciyarsa yake kewa, ba lemon ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin harshen yaro ba ya raina zaƙi. Sai dai wannan amsa tana saurin wanke kamfanoni, tana ɗauka cewa duk abin da ya ɓace daga kanti masu saye ne suka juya masa baya. Labarin Dublin Dr Pepper bai goyi bayan hakan ba.

Dublin ƙaramin gari ne a jihar Texas ta Amurka. Tun 1891 wata 'yar masana'anta a garin take haɗa Dr Pepper tana zubawa a kwalba, shekara 6 bayan an ƙirƙiro lemon a Waco. Daga ƙarshen shekarun 1970, manyan masu yin lemo a Amurka suka fara barin sukarin rake suna komawa ruwan zaƙin masara, saboda ya fi araha. Dublin ta ƙi. Wannan taurin kai shi ya zame mata jari: mutane suka riƙa yin tattaki daga nesa suna cika bayan mota da akwatunan lemon, wasu kuma suna aiko da kuɗi ta intanet a tura musu.

Farin jinin ne ya ja mata. Yarjejeniyarta da kamfanin da ya mallaki sunan ta taƙaita cinikinta ga yankin da bai wuce mil 44 daga garin ba. A 2011 kamfanin, Dr Pepper Snapple Group, ya kai ta kotu kan sayarwa a wajen iyaka da kuma liƙa sunan Dublin a jikin kwalba. A Janairun 2012 aka sasanta, aka rufe babin.

Ba zan ce kamfanin ba shi da hujja ba. Yarjejeniya yarjejeniya ce, kuma sauran masu zuba lemon suna da nasu yankunan da ake shigar musu. Amma a lura da abin da ya biyo baya: kamfanin ya ci gaba da sayar da Dr Pepper mai sukarin rake a yankin, sunan garin kawai ya cire. Ashe sukarin bai dame shi ba. Abin da bai jure ba shi ne a ce wata ƙaramar masana'anta ta yi suna na kanta a ƙarƙashin inuwarsa. Masu kewar lemon, a ganina, wannan suke kewa: abin sha da aka san garinsu, aka san masu yin sa.

Mai karatun da ya sha Gold Spot yana yaro ya san irin wannan rashi. A Indiya, inda lemon ya samo asali, Coca-Cola ta saye shi daga Parle a 1993 tare da Limca da Thums Up, daga baya ta janye shi don Fanta ta samu fili. Thums Up ya tsira, domin masu shansa sun yi yawan da ba a iya kawar da kai daga gare su.

Ita kuwa masana'antar Dublin ba ta rufe ba. Ta koma Dublin Bottling Works, tana haɗa nata lemukan, har yau da sukarin rake.