FAGEN KIƊA: Kaurin tsirkiya da gardamar makaɗan buluz

Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaɗin gurmi ko na molo ya san cewa kafin a fara kiɗa sai an ɓata lokaci wajen ɗaure tsirkiya, ana ja ana sassautawa har murya ta zauna. Haka abin yake ga makaɗan gita mai aiki da lantarki na ƙasar Amurka, musamman masu kiɗan nan da ake kira buluz, wanda baƙaƙen fata na kudancin ƙasar suka ƙago. Sai dai su wata gardama ce ta daɗe tana raba kawunansu: shin tsirkiya mai kauri ta fi, ko kuwa siririya? Mai karatu zai ce wannan ai ƙaramar magana ce. To, a kan wannan ƙaramar magana wasu suka tsattsage yatsunsu har jini, wani kuma ya kafa kamfanin da ya game duniya.

Abin da lambobin ke nufi

Gita tana da tsirkiyoyi 6 na ƙarfe. Ana sayar da su a ƙunshi ɗaya, kuma ana kiran ƙunshin da lambar wadda ta fi siranta a ciki. Ma'aunin na Amurkawa ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na inci, shi kuwa inci milimita 25,4 ne. Saboda haka idan makaɗi ya ce shi lamba 9 yake sa wa gitarsa, yana nufin tsirkiyarsa ta farko kaurinta milimita 0,23 ne. Lamba 10 milimita 0,25 ce, lamba 13 kuwa 0,33. A ido bambancin bai taka kara ya karya ba, amma yatsa ya san shi.

Dalili kuwa tsohon ilimi ne. Tun a shekarar 1636 wani limamin Kirista Bafaranshe, Marin Mersenne, ya bayyana cewa muryar tsirkiya ta dogara ga abu uku: tsawonta, nauyinta, da ƙarfin ɗaurin da aka yi mata. Idan tsirkiya ta ƙara nauyi, dole a ƙara ɗaure ta kafin ta ba da murya iri ɗaya da siririya. A kan gita ƙirar Fender Stratocaster, tsirkiyar farko mai lamba 9 tana jan kusan kilo 6, mai lamba 10 tana jan kilo 7 da ɗoriya, mai lamba 13 kuwa ta haura kilo 12, wato ninkin ta farkon. In aka haɗa duka shidan na ƙunshi mai lamba 10, nauyin da wuyan gita ke ɗauke da shi dare da rana ya wuce kilo 45, saura kaɗan ya kai buhun siminti.

Wannan nauyi ya fi damun ɗan buluz a kan sauran makaɗa, domin shi so yake gitarsa ta yi kuka irin na ɗan Adam. Yakan danne tsirkiya, ya tura ta gefe da yatsa har muryarta ta hau sannu a hankali, sannan ya girgiza ta. A cikin dare ɗaya yakan yi haka sau ɗaruruwa. Siririya tana bin yatsa ba gardama, amma tana saurin tsinkewa, kuma in hannu ya yi nauyi sai murya ta kauce. Mai kauri tana jure duka, kuma da yake maganaɗisun da ke jikin gita motsin ƙarfe yake ɗauka ya aika wa ampili, ƙarin ƙarfe yana ƙara ƙarfin sauti. Farashinta shi ne fatar yatsa.

Daga wayar tsintsiya zuwa kanti

Magabatan buluz ba su da wannan zaɓi. A gonakin auduga na jihar Misisipi da maƙwabtanta, yaro yakan kwance wayar da aka ɗaure tsintsiya da ita, ya kafa ta da ƙusa a bangon katako na gidansu, ya cusa kwalba a ƙarƙashi, ya riƙa kaɗawa. Elmore James da irin wannan ya fara. Buddy Guy, wanda aka haifa a jihar Luwiziyana a 1936, daga ragar taga ya zare wayoyin da ya yi abin kiɗansa na farko. Mutanen jihar Tawa ba za su yi mamakin wannan ba, domin ɗansu Mdou Moctar, wanda yau ake sauraronsa a Turai da Amurka, da wayoyin birkin keke ya haɗa gitarsa ta fari.

Har cikin shekarun 1950, abin da ake samu a kantunan Amurka tsirkiyoyi ne masu kauri, lamba 12 ko 13, ta ukunsu kuma naɗaɗɗiya ce da wata waya, ba ta turuwa sai da kyar. Sai matasan makaɗa suka ƙirƙiro dabara: su yar da tsirkiya ta shida, su gusar da kowace ɗaya zuwa gurbin ta gaba, sannan su cike gurbin farko da siririyar tsirkiyar banjo. Wanda ya fi suna a wannan dabara shi ne James Burton, makaɗin Ricky Nelson, wanda ya koma wajen Elvis Presley a 1969. Shi banjo kuwa, masana sun tabbatar bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai asalinsa can, dangi ne na nesa ga molo da garaya.

Ƴan kasuwa su lura da abin da ya biyo baya. Wani malamin koyar da gita mai suna Ernie Ball, mai kanti a Tarzana ta jihar Kalifoniya, ya ga yadda almajiransa ke fama da tsirkiya mai tauri. Ya kai wa kamfanin Fender shawarar a yi ƙunshi mai laushi, ba a karɓa ba. Sai ya sa aka ƙera masa nasa, ya fito da su kasuwa a 1962 da sunan Slinky. Abin da manyan kamfanoni suka raina shi ya zama abin da mafi yawan masu gitar lantarki ke saye, kuma sunan mai kantin yana nan a kan ƙunshin tsirkiya a ƙasashe da dama.

A Ingila ma labarin ya bar alama. Lokacin da Eric Clapton ke cikin ƙungiyar Yardbirds, tsakanin 1963 da 1965, sirara yake sawa don jin daɗin turawa, kuma sukan tsinke ana tsakiyar wasa. Sai ya tsaya a gaban jama'a yana ɗaura wata, su kuma suna tafi a hankali na gajiya da jira. Daga wannan tafi ne manajan ƙungiyar, Giorgio Gomelsky, ya laƙaba masa sunan Slowhand, ma'ana mai sanyin hannu, sunan da ya bi shi har tsufa.

Sarakuna biyu da ɗan Tekzas

B.B. King, wanda aka haifa a Misisipi a 1925 ya rasu a 2015, shi ne ya fi kowa yaɗa salon tura tsirkiya da girgiza ta. Ya sha faɗi cewa ɗan uwan mahaifiyarsa, Bukka White, yana kiɗa da ƙarfe a yatsa yana zamewa a kan tsirkiya, shi kuwa ya kasa koyon haka, sai ya horar da yatsunsa su kwaikwayi wannan kuka. Billy Gibbons na ƙungiyar ZZ Top ya ba da labarin cewa yana saurayi ya ɗauka babbar murya sai da babbar tsirkiya. Wata rana suka haɗu a ɗakin shiri, B.B. King ya karɓi gitarsa ya taɓa, ya tambaye shi dalilin da ya sa yake wahalar da kansa haka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gibbons ya sauka zuwa lamba 8, daga baya har 7, kuma duk wanda ya saurari faya-fayan ZZ Top ya san sautinsu ba ya da rama. Shi kansa B.B. King, ƙunshin da kamfanin Gibson ya fitar da sunansa gauraye ne: ta farko lamba 10, ta shida 54, laushi a sama inda yake turawa, kauri a ƙasa.

Albert King, wanda ya rasu a 1992, ba ɗan uwan B.B. ba ne, suna ne ya zo ɗaya. Bahago ne, ya ɗauki gitar na-dama ƙirar Gibson Flying V ya juya ta ba tare da ya sake jerin tsirkiyoyi ba. Don haka inda sauran makaɗa ke tura tsirkiya sama, shi janyo ta ƙasa yake yi, hannu kuwa ya fi ƙarfi wajen damƙa. Ga shi ƙato, ga tsirkiyoyinsa sirara, ga shi yana sassauta ɗaurinsu ƙwarai. Waɗannan abubuwa ne suka haɗu suka ba shi doguwar hawan murya da ake ji a faifansa na 1967, Born Under a Bad Sign, wanda kamfanin Stax na birnin Memfis ya fitar.

Wanda ya fi kowa shan ruwan Albert King shi ne Stevie Ray Vaughan, haifaffen Dalas ta jihar Tekzas a 1954. Har sun yi wasa tare a gidan talabijin na garin Hamilton a Kanada cikin watan Disamba na 1983, shekarar da faifansa na farko, Texas Flood, ya fito. Abin mamaki, almajirin ya ɗauki salon malamin amma ya bi kishiyar hanyarsa wajen tsirkiya: lamba 13 a farko, 58 a ƙarshe. Yana dukan gita kamar mai sassabe, siririya ba za ta ɗauki hannunsa ba. Yatsunsa sukan tsage duk da kantar da suka yi, ya liƙe su da gam mai ƙarfi ya koma fage.

Tun daga shekarun 1980, dubban matasa sun ji wannan lamba 13, suka ruga kanti. Abin da da yawansu ba su lura da shi ba shi ne Vaughan yana sauke ɗaurin gitarsa da rabin ton, kamar yadda Jimi Hendrix ke yi, tsirkiyar mi ta koma mi bemol. Wannan kaɗai yana rage nauyin da kimanin kashi 11 cikin 100. Haka kuma mai kula da gitocinsa, René Martinez, ya bayyana cewa in yatsun suka yi rauni yakan sa masa lamba 11 ko 12. Hendrix kuwa, wanda shi ma Vaughan ya koya daga gare shi, ƙunshi mai lamba 10 yake sawa. Vaughan ya rasu ranar 27 ga watan Agusta na 1990, yana da shekara 35, a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a jihar Wiskonsin, bayan wasan da suka yi da Eric Clapton da Buddy Guy. Lambarsa ta ci gaba da yawo a bakin masu koyo, sassaucin da ke bayanta kuwa kaɗan ne suka riƙe.

Akwai inda kauri ke da hujja ba gardama. Masu kiɗa da wuyan kwalba ko ƙarfe a yatsa, irin su Muddy Waters na birnin Shikago, ba sa tura tsirkiya, zamewa suke yi a kanta, saboda haka suna son wadda za ta tsaya ƙyam a ƙarƙashin kwalbar. Ƙirar gita ma tana da hannu a ciki. Tsawon tsirkiya a mafi yawan gitocin Fender milimita 648 ne, a na Gibson kuwa kusan 628, don haka lamba ɗaya ta fi laushi a kan Gibson da kusan kashi 6 cikin 100.

Abin lura ga na gida

Gitar lantarki ta zama ƴar gida a Nijar, daga bukukuwan Agadas zuwa dandalolin Yamai, kuma Bombino ya kai ta har jerin ƴan takarar kyautar Grammy a 2019. Uban da ya tara kuɗi ya saya wa ɗansa gita, da ɗan kasuwar da ke shigo da kayan kiɗa, ya kamata su san abu biyu. Na farko, mai koyo ya fara da lamba 9 ko 10, domin yatsan da bai yi kanta ba in ya gamu da lamba 13 sai yaro ya jingine gitar a bango ya ce ba shi da baiwa. Na biyu, ba a tsallakawa daga siririya zuwa mai kauri haka kawai. Ƙarin nauyin yana lanƙwasa wuyan gita, sai an sami wanda ya iya ɗaure sandar ƙarfen da ke cikinsa, a kuma faɗaɗa ramukan da tsirkiyoyi ke kwanciya, in ba haka ba kayan da aka saya da tsada su lalace.

Kayan aro ba ya rufe katara. Albert King da Stevie Ray Vaughan sun yi kuka iri ɗaya da tsirkiyoyin da suka yi hannun riga, domin kowanensu ya auna hannunsa ne kafin ya zaɓa. Mai koyo ma ya gwada lamba biyu ko uku, kowace ya ba ta wata guda, sannan ya tsaya a kan wadda zai iya kaɗawa tun daga bayan isha'i har a watse ba tare da yatsa ya gaza ba.