Filin Lafiya: Ƙurajen fuska ga manya, da man da ke ƙara musu wuta

Zancenmu na wannan mako a kan ƙurajen fuska ne, waɗanda aka saba kira ƙurajen balaga, kuma daga sunan nan ruɗi ya faro. An ɗauka abu ne na ƴan lakkwal, wanda ke gushewa da kansa da zarar an yi aure. To amma a leƙa kowane biro a Yamai, ko a zaga rumfunan ƴan atamfa a kasuwar Maraɗi, za a iske mata masu ɗiya uku ko huɗu suna fama da su a haɓa da muƙamuƙi, suna binne su da hoda. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008, wanda aka tambayi mutum 1013, ya nuna rabin mata masu shekara 20 zuwa 29 sun ce suna da su, haka kashi 35 cikin ɗari na masu shekara 30 zuwa 39, da kashi 26 na masu 40 zuwa 49. Ga maza na waɗannan rukunoni biyu na ƙarshe, lissafin ya sauka zuwa 20 da 12. Ashe ke nan bayan ƙuruciya nauyin ya fi faɗawa a kan mata.

Ba dauɗa ke kawo su ba, ba kuma dattin jini ba ne, kamar yadda masu tallar magani a tasha ke faɗa da lasifika. A gindin kowane gashi na fuska, har wanda ido bai gani, akwai ƴar jaka mai fidda maiƙo don fata ta yi taushi. Idan maiƙon ya yi yawa, matattun ɓawon fata suka haɗu da shi suka toshe ƙofar, sai wata ƙwayar cuta wadda dama tana zaune a fatar kowa ta samu wurin yaɗuwa a ciki. Jiki ya taso mata da yaƙi, wurin ya kumbura, ya yi ruwa. Baƙin ɗigon da ake gani a hanci ma ba ƙura ba ce, maiƙon ne ya sha iska ya yi duhu. Saboda haka mai dirzar fuska da soso da sabulun salo sau biyar a yini yana ƙara wa fata rauni ne kawai, toshewar tana can ƙasa inda soso bai kai.

Abin da ke juya yawan maiƙon shi ne sinadaran jiki da lokotoro ke kira ormon, musamman irin na maza, wanda mata ma suna da nasu kaɗan. Shi ya sa mace da yawa ke ganin ƙurajen na tasowa ƴan kwanaki kafin al'ada. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku da ashanar da ake sa wa a damtse kan tada su ga wasu, alhali wasu ƙwayoyin tazarar masu sinadari biyu suna kwantar da su. Wannan magana ce da za a yi da ungozoma, ba a daina abin da ake yi a ɓoye ba. Idan kuwa ƙurajen sun zo tare da gashi a haɓa, da al'ada mai tsallake watanni, da wahalar samun ciki, to lalle a ga lokotoron mata, domin fuskar tana ba da labarin wata matsala ce ta ƙwan mace.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A baƙar fata, ƙurji kan mutu cikin mako guda, amma ya bar baƙin tabo da zai yi wata shida ko shekara bai gushe ba. Tabon nan shi ya fi ci wa mata rai, fiye da ƙurjin kansa. Sai ƙawa ko makwabciya ta ce ga wani mai da ke goge tabo cikin kwana goma. Kuma gaskiya ne, yana gogewa. Mafi yawan irin waɗannan mayuka na bilicin suna ɗauke da kortizon mai ƙarfi, kulobetazol ko betametazon, wato maganin da aka yi don wasu cututtukan fata masu tsanani, a shafa na ɗan lokaci bisa takardar lokotoro. Makon farko kumburi ya kwanta, fuska ta yi sumul, ta yi haske, mai shafawa ta ce ta dace. Bayan ƴan makonni ko watanni sai wasu sababbin ƙuraje su ɓarke, ƙanana, kansu ɗaya kamar gero, a goshi da kumatu, har ƙirji da baya. Man ne ya haife su. Ita kuwa da ta gan su sai ta ƙara shafawa, su ɗan lafa, su dawo da ƙarfi. In ta ajiye man kwana uku, fuska ta yi zafi, ta yi ƙaiƙayi, ta fi da duhu, sai ta koma. Garin neman gira an rasa ido.

Wannan ba zato ba ne. A 2003 Dokta Antoine Mahé da abokan aikinsa sun buga abin da suka gani a wata cibiyar cututtukan fata ta Dakar. Cikin mata 368 da suka zo neman magani, 194 suna shafa man bilicin a lokacin, wato fiye da rabi. Kashi 70 cikin ɗari na masu shafawar suna amfani da mai kortizon, kashi 89 da mai hidrokinon, da yawa suna gauraya biyun. Ƙurajen fuska suna cikin manyan cututtukan da aka samu gare su, tare da makero da ƙazuwa masu wuyar warkewa, domin kortizon yana kashe garkuwar fata. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba: fata kan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsaga damatsa da cinyoyi, kuma wanda ya ratsa cikin jini yakan jawo hawan jini da ciwon sukari. Ɗinkin tiyatar haihuwa ma yakan yi jinkirin kamewa a irin wannan fata. Hidrokinon kuwa, in an daɗe ana shafa shi ana shiga ranarmu ta Sahel, yakan bar wani baƙi mai kauri a ƙashin kumatu wanda ya fi tabon farko muni, kuma da wuya ya fita.

Akwai kuma kortizon na haɗiya. Ƙwayoyin ƙiba da ake ba amare da masu son cika zane, waɗanda a ƙetaren iyaka ake wa kirari da sha-ka-fashe, da yawansu deksametazon ne. Kumatu su cika, ƙuraje su biyo baya.

Kodibuwar ta hana sayar da irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana masu hidrokinon, Ruwanda ta bi kasuwanni tana kwashe su tun ƙarshen 2018. Duk da haka kwalaye na ci gaba da tsallaka iyakoki, daga Kwatano da Lome da Kano, su sauka a teburan kayan shafa kusa da turare da jan baki. Ba na tsammanin Alhajin da ya saro katan ɗari yana nufin kowa da sharri; a wurinsa haja ce mai tafiya. Amma ya kamata ya sani cewa duk bututun da aka rubuta kulobetazol ko betametazon a jikinsa magani ne na farmasi, kuma mai yiwuwa ne matarsa ko ɗiyarsa na cikin masu sayensa a wani tebur. Wanda aka dama a gida aka zuba a kwalba ba suna, shi ne mafi hatsari, don ba wanda ya san abin da ke ciki.

Wadda ta shekara tana shafa irin wannan mai, musamman a jiki duka, ko tana shan ƙwayoyin, kada ta yanke rana ɗaya. Jikinta ya saba samun kortizon daga waje har ya rage yin nasa, yankewa farat ɗaya na iya kayar da ita. Ana ragewa ne sannu a hankali bisa tsarin lokotoro, kuma a sani tun farko cewa za a sha makonni na muni kafin a ga kyau. Maigida da ke son alheri ga iyalinsa, nan ne wurin da zai kame bakinsa daga zolaya.

Maganin ƙurajen na gaskiya yana nan, ba ya da ado, kuma ba ya sauri. Na farko shi ne feroksid na benzoyil, wanda ake samu a farmasi da suna Cutacnyl. Mai ƙarfin kashi 2,5 ko 5 ya isa, na 10 ya fi ƙona fata ba tare da ya fi aiki sosai ba. Yana kashe ƙwayar cutar, sai dai yana cinye launin tufa, don haka a kiyaye shadda da gyale da rigar matashin kai. Na biyu adafalen, wato Différine, mai buɗe ƙofofin da suka toshe. Da dare ake shafa shi, gwargwadon ƙwayar wake ga fuska duka, ba a kan ƙurji kaɗai ba, a fara da dare ɗaya a tsallake ɗaya. Akwai kuma Skinoren, wanda ke rage ƙuraje da tabo tare, kuma lokotoro kan yarda da shi ga mai ciki. Idan ƙurajen manya ne masu zafi, akan haɗa da ƙwayar doksisikilin na kamar wata uku, a sha da ruwa mai yawa, kada a kwanta nan take, a kuma guji zama cikin rana. Wanda ke sayen ta a tire yana sha duk lokacin da ƙurji ya fito, yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani ne kawai.

Duk waɗannan sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a yanke musu hukunci. A ganina nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. An saba da allurar da ke sauke zazzaɓi a kwana uku, sai a shafa magani kwana goma, a ga fuska ta ɗan bushe tana saɓa, a ce bai karɓe ni ba, a koma wajen mai tebur. Tabon kuwa ya fi ƙurajen jinkiri, kuma ba ya fara gushewa sai an daina samun sababbi, an daina matsa su da farce, an kuma rage wa fuska dukan rana da malafa, laima ko man kariya daga rana.

Mace mai ciki, ko mai neman ciki, ta faɗa wa lokotoro tun kafin ya ɗauki alƙalami: adafalen da doksisikilin ba nata ba ne. Haka kuma izotiretinoyin, wanda ake sayarwa da suna Curacné, maganin manyan ƙuraje masu barin rami a fuska. Tun 1982 ake aiki da shi kuma ba wanda ya kai shi ƙarfi, amma yana nakasa ɗan tayi ƙwarai, shi ya sa a Faransa ba a ba mace shi sai tana tazarar haihuwa, ana auna ta kowane wata. Wanda ɗan'uwa ya aiko masa da shi daga waje ya miƙa wa ƙanwarsa, ya ɗauki alhaki babba.

A gida abin da ake bukata kaɗan ne. Wanke fuska safe da dare da sabulu mai laushi, da tafin hannu. Lemun tsami, kanwa da man goge haƙora ƙuna suke yi, ƙuna kuwa tabo take bari. Lokacin hunturu, da fata ke tsagewa, basilin da man kaɗe su tsaya a ƙafa da hannu. Man kitso mai kauri da ke gangarowa goshi shi ma yana toshe ƙofofi.

Gujiya da ƙuli-ƙuli sun daɗe suna shan zargi, alhali ba a kama su da hujja mai ƙarfi ba. Binciken NutriNet-Santé na Faransa, wanda aka buga a 2020 bisa mutum fiye da 24.000, ya fi nuna yatsa ga lemun kwalba, kayan zaƙi masu maiƙo da madara. Alaƙa ce aka gani, ba tabbacin sanadi ba, amma mai shan shayi zagaye uku da sukari kamar zuma bai yi asara ba in ya rage.

Maza kuma su bambanta ƙurajen fuska da na aski. Waɗanda ke fitowa a gemu da maƙogwaro bayan reza, gashi ne mai lanƙwasa ya koma ya soki fata, abin da sojoji da jandarmomi da ƴan duwan suka sani sarai. Maganinsu a bar reza na ƴan makonni, a koma aski da tondozi wanda ba ya kai wa ƙasa ƙwal. Na ƙeya masu tauri kuwa a kai su asibiti da wuri, kafin su haɗe su zama tudu.

Ƙwararrun lokotoron fata ba su da yawa a ƙasarmu, mafi yawansu kuma suna Yamai, amma lokotoro na kowane asibitin jaha yana iya fara wannan magani, ya tura mai tsanani gaba. Mai zuwa ta tattara duk abin da take shafawa da abin da take sha, har kwalbar da ba ta da suna, ta aza su a kan teburinsa, ta faɗi wata nawa ta yi tana amfani da kowanne.

Sai mako mai zuwa.