Kwatanta Yawan Laifi Tsakanin Amurka da Ingila: A Fara Duba Mudun

Sau da yawa akan ji masu sharhi suna kafa hujja da alƙaluma cewa ƙasa kaza ta fi ƙasa kaza yawan aikata laifi. A ganina, irin wannan kwatance ba shi da amfani sai an fara tantance ma'anar kalmar da aka yi ƙidaya da ita. Duk wanda ya auna hatsi a kasuwanni biyu ya san ba lalle mudunsu ya zo ɗaya ba.

Mu ɗauki Amurka da Ingila. An sha yaɗa cewa laifuffukan amfani da ƙarfi sun fi yawa a Ingila, domin haka alƙaluman 'yan sanda suke nunawa in an jera su. To amma hukumar FBI ta Amurka abu huɗu kawai take sawa a wannan rukuni: kisan kai, fyaɗe, fashi, da mummunan hari, wato wanda aka yi da makami ko aka yi da nufin yi wa mutum babban rauni. Su kuwa 'yan sandan Ingila da Wales sukan haɗa har da mari ko turewa da bai jawo rauni ba, da tsangwamar mutum. Ashe ke nan suna ɗaya ne, abin da ke cikinsa daban.

Abu na biyu shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 2020 ta nuna Amurka na da mutum kusan miliyan 331, ta 2021 kuma ta ba Ingila da Wales kusan miliyan 60. Saboda haka ba jimillar laifi ake kwatantawa ba, sai adadinsa cikin kowane mutum 100,000.

Na uku, abin da aka kai ƙara ne kawai yake shiga littafin 'yan sanda. Inda jama'a ba su amince da hukuma ba, alƙaluma sukan yi ƙasa alhali ɓarna tana nan.

Wani zai ce, in haka ne a daina kwatancen baki ɗaya. Ban yarda ba. Kisan kai ya fi sauran laifuffuka sauƙin aunawa, domin ma'anarsa kusan ɗaya ce ko'ina, kuma gawa tana da wuyar ɓoyewa. A 2019, kimanin mutum 5 cikin 100,000 aka kashe a Amurka, a Ingila da Wales kuwa kimanin mutum 1. Da aka gyara mudun, sai hukuncin ya juya.

Wannan darasi ne ga malamin harshe. Ɗalibin da aka koya wa karatu ba a koya masa tambayar ma'ana ba, kowa yana iya ruɗinsa da lamba. Ya kamata mu saba wa yara da tambayoyi uku: me aka ƙirga, cikin mutum nawa, wa ya ƙirga? Hausawa dai sun ce matambayi ba ya ɓata.